Abin da Ya Amsa Fiton Auta

Ranar da abin ya faru, Auta ya rufe shagon hotonsa tun rana ba ta yi sanyi ba. Kafin ya ja ƙofa sai da ya tsaya gaban madubin da masu zuwa hoto ke gyara zaman hula, ya bi gashin bakinsa da ɗan buroshi mai baƙi, ya juya dama, ya juya hagu, ya yi wa kansa murmushi don wushiryar nan tasa ta bayyana. Shekararsa hamsin da uku. In ka tambaye shi kuwa, arba'in ne da 'yan kai. Ya rataya kyamara a wuya, ya ɗauki madubin hangen nesa, ya jefa kujera mai naɗewa a bayan mota, ya nufi gidan yayarsa.

Aikinsa ke nan duk bazara. Da zarar baƙin tsuntsayen nan ƙanana sun fara sauka a fadamar bayan gari, su ci ƙwari su yi ƙiba kafin su ci gaba da doguwar tafiyarsu ta arewa, to Auta ba shi da sauran yamma tasa ta kansa. Mutum mai shago, mai iyali, mai suna a gari, an mayar da shi direban kallon tsuntsu. Duk wanda ya tsaya saurare sai ya gaya masa irin zaluncin da ake yi masa. Amma bai taɓa yin fashi ba, ko sau ɗaya.

Yaya ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta fara ɗora shi a kafaɗa ta nuna masa tsattsewa jere a kan waya, ta ce masa waɗannan ba 'yan nan ba ne, matafiya ne. Ta yi shekara arba'in a kan keken ɗinki, har yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Yanzu haske da duhu kaɗai take rarrabewa. Amma kunne? Ka yar da allura a ɗakin baya, tana tsakar gida za ta ce maka ɗauke, ba nan ne mazauninta ba.

Ya tarar da ita a bakin ƙofa, sanda a hannu, fulas ɗin shayi a hammata.

"Ka yi latti, Auta."

"Yaya, jama'a ce ta cika shago. Ke kaɗai ce ba ki san darajata ba a garin nan."

"Jama'a ko madubi? Tun daga kwana nake jin warin baƙin gemun nan naka. Wa za ka burge a fadama, kwaɗi?"

"Ci gaba. Allah na kallon abin da ake mini."

"Buɗe mini ƙofa dai, babban mutum."

Akwai tsuntsu ɗaya da Yaya ke zuwa dominsa. Tun suna yara ta raɗa masa Ɗan Bankwana, don ba ya buɗe baki sai ana saura kwana kaɗan su tashi. Ɗan ƙaramin abu ne ruwan ƙasa, in ka gan shi ba za ka sake kallonsa ba. Amma in ya fara waƙa da almuru daga cikin duhuwa, sai ka manta sauro na cin ka. Yakan ja sauti huɗu dogaye a hankali, kamar mai tambaya, sannan ya zubo sauran da gudu kamar zaren duwatsun wuya ya tsinke a kan faranti.

Shekara uku da suka wuce, Ɗan Bankwana ya daina waƙa a fadamar. Sati guda suka yi suna zuwa, shiru. Ranar ƙarshe, a hanyar komawa, Yaya ta ce, "Auta, ko dai kunnen ma ya fara bin idon?" Da sigar wasa ta faɗa, amma muryarta ta yi rawa. Washegari Auta ya mayar da ita, ya zaunar da ita, ya ce bari ya zagaya ya duba ta wancan gefen. Ya shiga duhuwa taku arba'in, ya jiƙa leɓe, ya yi fito.

Da ya dawo ya tarar tana share ido da gefen mayafi.

Tun daga nan haka ake yi duk shekara. Kuma a gaya wa juna gaskiya, fiton Auta fito ne. Mutumin da ke mayar da tsoho saurayi a hoto, ya goge ƙuraje, ya cike sanƙo, me zai gagare shi a kwaikwayon tsuntsu? Abin da ke ci masa rai ɗaya ne: gwaninta mafi girma da ya taɓa yi a duniya, ba shi da halin gaya wa kowa. Akwai dai wani ɗan cikas da shi kaɗai ya sani. In ya zo wajen zubowar nan ta ƙarshe, iska kan sulale ta wushiryarsa ta bar wani ɗan siririn tsaki a wutsiyar waƙar. Ya daɗe da yanke wa kansa hukunci cewa ba kunnen da zai kama shi.

Sun iso rana tana dab da faɗuwa. Ya ajiye motar a kan gangare kusa da tsohon ɗakin famfo, hancinta na kallon ƙasa, kamar yadda yake yi kullum saboda batirinta ba abin yarda ba ne. Ya riƙo gwiwar hannun Yaya suka bi 'yar siririyar hanyar shanu har gindin wata bishiya a bakin gaɓa. Warin taɓo ya tare su, da na ruɓaɓɓiyar ciyawa, da wani sanyi-sanyi da ke tasowa daga ruwa. Ya buɗe kujera, ya zaunar da ita, ya zuba mata shayi.

Ta karkata kai tana saurare.

"Suna nan kuwa?"

"Sun cika wurin fal."

"To me ya sa ba na jin su?"

Auta ya ɗaga madubin hangen nesa. Gaskiya ya faɗa, sun cika wurin. Kowane karan ciyawa da ɗan tsuntsu a kansa, masu ruwan toka, masu ɗorawar ƙirji, masu kaɗa wutsiya. Bai taɓa ganin yawansu haka ba. Ya tsayar da madubin a kan ɗaya mai farar gira. Bakinsa a buɗe yake. Maƙogwaronsa na kaɗawa, gashin wuyansa na tashi yana kwanciya.

Ba abin da ke fitowa.

Ya matsa kan na kusa da shi. Haka. Na gaba ma haka.

Nisa ne, in ji Auta a ransa. Ko iska ce ke kwashe sautin. Ya duba ganyen bishiyar da ke kansu. Ko ɗaya ba ya motsi.

"Gajiya ce," ya ce. "Yanzu suka sauka."

"Kwaɗin ma gajiya suka yi?"

Ya sauke madubin. Da mai hankali ne, da nan ya naɗe kujera. Amma Auta ya yi kwana uku yana gwaji a banɗaki, har matarsa ta fara tambaya ko buta ce ke yoyo. Ba zai koma gida da waƙarsa a baki ba.

"Bari in zagaya ta can in duba. Kar ki tashi daga nan, Yaya. Taku goma gabanki taɓo ne, wanda ya haɗiye saniyar nan bara."

"Ni kake gaya wa? Je ka. In ka gan shi ka gaishe mini da shi."

Ya shiga duhuwa. Ƙaya ta kama masa riga, ya cire a hankali, yana tsaki. Taku ashirin. Talatin. A taku na arba'in ya tsaya bayan kututturen da ya saba tsayawa. Daga nan ba ya ganin Yaya, sai saman bishiyar. Sama ta yi ja, sannan jan ya fara dafewa.

Ya jiƙa leɓe.

Sauti huɗu, dogaye. Sannan zubowar.

Kai, ta yi kyau. Ko shi sai da ya lumshe ido. Ya tsaya yana jin yadda waƙar ta bazu a kan ruwa ta ɓace.

Shiru.

Sai aka amsa.

Daga can gaban Yaya, ta wajen ruwa. Sauti huɗu, dogaye, a hankali.

Zuciyar Auta ta yi tsalle. Ya dawo! Na gaskiyar ya dawo! Har wani ɗan kishi ya tsarga masa, don wancan ya fi shi tsawon numfashi. Ya miƙa wuya yana jiran zubowar.

Ta zo, tsaf, kamar duwatsu a faranti.

A wutsiyarta kuma, ɗan siririn tsaki.

Murmushin ya daskare a fuskarsa.

Tsuntsu ba shi da wushirya.

Ya ce wa kansa amsa-kuwwa ce. Amma amsa-kuwwa ba ta jira mutum ya gama lumshe ido. Ya tattara leɓe zai sake yi, don ya gwada.

Iska kawai ta fito.

Ya lashi leɓe, ya sake. Iska. Ya sa yatsu biyu a baki irin na yara. Iska mai ɗumi, ba ko ɗigon sauti, kamar bai taɓa yin fito ba tun da aka haife shi.

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, irin ta tsoro.

Numfashi ɗaya. Biyu.

Dariyar ta dawo daga ruwa. Tasa ce, har da ɗan shaƙewar ƙarshe.

Ya manne da kututturen.

"Wane ne nan?" Da raɗa ya faɗa, shi kansa da ƙyar ya ji.

"Wane ne nan?"

Da ƙarfi. Kuma sautin ya matso. Ya matso kusa da bishiyar.

Auta ya juya da gudu. Bai yi taku biyar ba ƙafarsa ta faɗa tsakanin saiwoyi biyu, ta murɗe. Ya ji ƙas a idon sawu. Ya kife a ƙasa, kyamara ta doke shi a ƙirji, bakinsa ya buɗe da kansa kamar yadda yake buɗewa tun yana ɗan shekara huɗu:

"Wayyo Yaya, ƙafata!"

Ya ji fitar maganar. Ya ji kuma wani abu ya bi bayanta, daga can ƙasan maƙogwaro, sululu, kamar an kama bakin zare an ja, ɗinkin duka ya warware.

Fadama ta yi tsit.

Sannan daga cikin ruwa, da muryarsa, da zafin ciwonsa:

"Wayyo Yaya, ƙafata!"

Kujera ta yi ƙara. Kofi ya faɗi a kan saiwa.

Ya buɗe baki iya buɗewa zai ce ta zauna. Babu. Ya tura numfashi har jijiyar wuyansa ta miƙe. Babu ko nishi.

"Yaya... ƙafata..." A hankali yanzu, da kuka-kuka, can cikin ciyawa.

Sanda ta fara taɓa ƙasa. Ƙwas. Ƙwas.

Ba wajensa take yowa ba.

Ya fizge ƙafar, takalmin ya tsaya a saiwa. Ya miƙe, ta ƙi ɗaukarsa, ya sake zubewa. Ya fara rarrafe. Ƙaya a tafin hannu, ƙaya a gwiwa. Duk addu'ar da ya sani ya jero a zuci, wata na hawa kan wata.

Ya tsaya ya tafa hannu da ƙarfi. Tas!

Tas! aka amsa daga ruwa.

Ya sake haɗa hannuwan. Suka haɗu kamar auduga da auduga.

Sandar ta daina ƙwas. Yanzu caɓ take yi.

"Auta?" Muryar Yaya, siririya. "Ina kake? Ga ni nan."

Wayyo, ta yi magana. Ya dafe kai.

Ya fito daga duhuwar da rarrafe. Duhu ya riga ya sauko, irin na bayan faɗuwar rana da ke mayar da komai inuwa. Ga bishiya. Ga kujera a kife. Ba Yaya.

"Ga ni nan," in ji muryarta daga hagu, kusa, cikin dogayen ciyayi.

Ya juya hagu da sauri.

"Auta. Ga ni nan."

Har ya sa hannu cikin ciyawar. Sanyi ya taɓa yatsunsa, sanyin da ba na ruwa ba. Wani wari ya bugi hancinsa, kamar na tsohuwar rijiya da jiƙaƙƙen gashin tsuntsu.

Ya janye hannun.

Yaya ba ta taɓa kiran sunansa sau biyu iri ɗaya ba. Wannan kuwa kamar an buga shi da injin.

To ina take?

Kyamarar na lilo a wuyansa. Ya kamo ta, ya ɗaga fitilarta, ya nuna gaba, ya danna.

Fau!

Fadama ta yi fari na ƙiftawar ido.

Tana dama. Taku goma sha biyu, ko sha biyar. Taɓo ya kai mata ƙwauri. Hannu ɗaya da sanda, ɗayan miƙe a gaba tana lalube.

Duhu ya dawo, ya fi na da.

"Wayyo Yaya..."

Yanzu daga gabanta kuma. Dab da ita.

Ya faɗa cikin taɓon da ƙirji. Fitilar na buƙatar ɗan lokaci kafin ta sake cika. Bai taɓa sanin lokacin na da tsawo haka ba. Ya ja jiki. Ya ja. Ɗan jan ɗigon da ke nuna ta cika ya kama.

Fau!

Wannan karon ya gani.

Wani abu ne tsaye a cikin ruwa, ruwan kuma kwance lumui, ba ko da'ira ɗaya a gewayen ƙafafunsa. Tsawonsa ya yi mutum biyu. Siriri. Ya ranƙwafo kan Yaya kamar mai duba ɗinki. Jikinsa ba fata, ba tufa. Tsuntsaye ne. Ɗaruruwa, ƙanana, manne da juna tun daga kafaɗa har ruwa, kowanne baki a buɗe, maƙogwaro na kaɗawa, ba sauti.

Inda fuska ya kamata ta kasance, ba ido, ba hanci.

Baki kawai.

Da wushirya.

Duhu.

Auta bai san lokacin da fitsari ya zubo masa ba. Gaɓoɓinsa suka ce su dai baya. Hannunsa dai ya ci gaba da danna maɓallin, yana danna wofi, yana danna wofi.

Fau!

Yaya ta tsaya.

Kanta ya juyo kaɗan, ta kan kafaɗa. Idon da ba ya ganin fuska yana ganin walƙiya. Murya a gabanta, haske a bayanta.

"Ƙafata! Yaya! Ƙafata!" Da sauri-sauri yanzu, ɗaya kan ɗaya, ba numfashi a tsakani. Ba mahalukin da ke magana haka.

Fau!

Ta ɗaga ƙafa za ta ja baya. Taɓo ya riƙe. Ta yi tangaɗi.

Wani dogon abu ya miƙo daga sama, a hankali, fukafukai na karkarwa a jikinsa, ya nufo hannunta da ke miƙe.

Auta ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya rungumo ƙugunta.

Ta kwaɗa masa sanda a goshi, har ya ga wuta. Ta buɗe baki za ta yi ihu, ya toshe shi da tafin hannunsa mai taɓo. Ta cije shi. Bai saki ba. Ya kamo hannunta ya manna a fuskarsa.

Yatsunta suka bi goshi, suka bi hanci. Suka tsaya a gashin baki, wanda gumi ya narkar da baƙinsa yana gangarowa haɓa.

Ta ja numfashi ta hanci, sau ɗaya.

Jikinta ya saki. Ta gyaɗa kai a cikin tafinsa.

Suka fara ja da baya. Ita ta zama ƙafarsa, shi ya zama idonta. Taɓon na sakin ƙafa ɗaya, yana kama ɗaya. Ya bar masa ɗayan takalmin, ita ta bar masa sanda. Ba wanda ya yi ko tari.

Suka hau gaɓa. Suka juya wa ruwan baya.

"Yaya," in ji muryarsa a bayansu.

"Auta?" in ji muryarta.

"Wane ne nan?"

"Ga ni nan."

Sai dariyar nan tasa.

Hira suke yi. Shi da ita, a bayansu, kuma hirar na biyo su a kan hanyar shanu, ba ƙarar sawu, sai wani shuu na ƙananan fukafukai. Farcen Yaya ya nutse a damtsensa.

Ga ɗakin famfo can. Taku talatin.

Ashirin.

Sanyi ya sauka a ƙeyarsa. Dab da kunnensa na dama, a hankali, kamar mai lallashi, aka ja sauti huɗu dogaye.

Bai waiwaya ba. Abin da zai yi alfahari da shi ke nan har ya mutu, ko da yake gaskiyar magana wuyan ne ya ƙi juyawa.

Ya tura Yaya cikin mota, ya faɗa ta kanta ya ƙetare zuwa sitiyari, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau ɗaya.

Daga bayan ɗakin famfo aka yi tarin injin.

Ya sake murɗawa. Ko ƙyas.

Wani abu mai laushi ya sauka a rufin motar. Sannan wani. Sannan da yawa, kamar yayyafi. Ƙananan farce suka fara karce ƙarfen. Gilashin gefensa ya yi duhu daga sama, duhun na saukowa.

Ya sauke birkin hannu.

Motar ta yi jim, kamar tana shawara. Sannan ta motsa. Ta gangara a hankali, ba fitila, ba ƙara, tana tsalle a kan duwatsu. Ta ƙara gudu. Ta ƙara. Karcen rufin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Da tayoyin suka taɓa kwalta ya jefa giya ta biyu ya saki kuloci, injin ya kama da wani irin gurnani da bai taɓa jin daɗin irinsa ba.

Can baya, nesa ƙwarai, wani na kiran yayarsa yana kuka.

Ba su tsaya ba sai ƙofar gida.

Kwana uku Auta ya yi ba murya, ƙafa a ɗaure, goshi a kumbure. Matarsa ta gaya wa maƙwabta ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba tun da aka kawo ta gidan, shi kuwa yana kwance yana ji, ba halin ramawa. Rana ta huɗu da safe muryar ta dawo, amma ba duka ba. Fito ya tafi. Tafi ya tafi. Dariyarsa yanzu kafaɗa ce kawai ke rawa. In likita ya tambaye shi ina ke ciwo, sai dai ya nuna ƙafar da yatsa, don sunanta ma ya tafi. Kuma duk yadda ya kai ga murɗa harshe, kalmar da ya fara koya a duniya, wadda yake kiran yayarsa da ita, ta ƙi fitowa. Ita ma nata sunan da take kiransa da shi ya tsaya a fadama. Hotunan kuwa, da ya daure ya duba, Yaya ce tsaye cikin taɓo ita kaɗai, ciyawar gabanta ta rabu gida biyu, ba kowa a tsakani. Ya goge su.

Ranar da ya fara taka ƙafar, wajenta ya je. Ya zauna a bakin gado ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Tela, akwai maganar da zan gaya miki. Tsuntsun nan na shekarun nan..."

"Kai ne. Tun ranar farko na sani."

"Kamar yaya kin sani?"

"Mai hoto, ni na cire maka haƙoran yarinta da zare. Ba zan gane iskar da ke bi ta wannan tagar taka ba?"

Ya dafe ƙirji. "Wato duk wannan gwanintar..."

"Wace gwaninta? Kamar an manta tukunyar shayi a wuta."

"To me ya sa kika yi shiru? Kika bar ni ina shiga ƙaya shekara uku, da girmana, da rigunana masu tsada?"

Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Tsuntsun ne ya daina zuwa. Kai ba ka daina ba."

Daga ranar suka yi doka tsakaninsu: ba ta amsa kiran kowa sai an taɓa ta. Fadama kuwa, ko hanyar ba su sake bi ba.

Da bazara ta zagayo, a tsakar gidanta suka riƙa zama da yamma, ƙarƙashin 'yar bishiyar da ke jikin katanga. Matafiyan kan biyo ta cikin gari ma, ɗaya-ɗaya, su huta su wuce. Wata yamma wani ɗan ƙarami ruwan ƙasa ya sauka a kan katangar, fukafukansa a sake don gajiya. Ya karkaɗe jiki. Ya karkata kai ya dube su.

Auta na kurɓar shayi, kofi a bakinsa.

Tsuntsun ya buɗe baki.

"Yaya."

Ba ta juya ba. Hannunta kawai ya miƙo ya kama wuyan hannun Auta, ya matse.

Daga bishiyar gidan maƙwabta, wata murya da dukansu suka sani ta amsa:

"Ga ni nan."

Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, yadda ba zai yi ƙara ba. Suka miƙe tare, suka shiga ɗaki. Shi ya rufe taga. Ita ta sa sakata.